Noman Ganye a Cikin Ruwa: Wa Ke Gadin Saiwa?

A wannan shafi muke kawo maka taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na noma da kiwo. Idan ka saurare mu a rediyo, wannan tuni ne. Idan kuma shirin ya wuce ka, kana gona ko kana kasuwa, to ga shi a rubuce, sai ka karanta a natse.

Abin da ya jawo maganar wannan mako saƙo ne guda biyu. Na farko daga wani matashi ne a wajen Maraɗi. Ya ce ya jera tiyo a tsakar gidansu yana noman salati, wato latas a bakin mutanen Najeriya, babu ƙasa sai ruwa. Duk tsawon hunturu abin ya yi kyau, har maƙwabta na zuwa saye. Da zafi ya fara shigowa sai saiwar da ya sani fara tas ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, tana wari, ganyen kuma da rana ta take sai ya langaɓe. Yanzu wani ya kawo masa kwalba, ya ce ƙwayoyin halitta ne masu amfani, in ya zuba su ciwon zai tafi, kuma ya huta da sayen taki. Tambayarsa ita ce: gaskiya ne ko cin kuɗi ne? Saƙo na biyu daga wata baiwar Allah ce a Katsina mai kiwon tarwaɗa. Ita kuma tambaya take ko ruwan da take zubarwa daga tankin kifi zai iya ciyar da ganye.

Ni dai aikin jarida na karanta, ba malamin gona ba ne, don haka sai da na yi karatu da tambaya kafin in buɗe baki. Ga amsar a dunƙule: ƙwayoyin gaskiya ne, aikinsu ma gaskiya ne. Amma masu rai ne, ba gishiri ba ne da za ka barbaɗa ka tafi. In ba ka tanadar musu wurin zama ba, mutuwa za su yi, kuɗinka ya bi ruwa. Kuma ba su maye gurbin taki. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, mene ne noman ruwa?

Shuka ba ƙasa take ci ba. Abin da take nema a ƙasa shi ne ruwa, da iska, da wasu sinadarai da suka narke a cikin ruwan, sai kuma wurin da za ta kafa saiwa ta tsaya. Tun wajen shekarar 1860 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa in ka narkar da waɗannan sinadarai a ruwa daidai gwargwado, shuka za ta girma har ta kai girbi ba tare da ƙasa ba. A 1937 ne William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya yaɗa sunan da ake kiran wannan noma da shi yau, haidirofoniks.

Hanyoyinsa suna da yawa. Akwai ta tiyo, irin ta mai sauraronmu na Maraɗi, inda ɗan ruwa siriri ke gudana a ƙarƙashin saiwa. Allen Cooper ne ya fito da ita a Ingila cikin shekarun 1960. Akwai wadda ake ɗora shukar a kan allo mai yawo bisa ruwa a cikin kwatami. Akwai kuma ta bokiti, wadda Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ya yi suna da ita: babu famfo, babu wuta, ruwan na raguwa ne a hankali yana bar wa saiwa fili tana shaƙar iska. Kan latas ɗaya a wannan hanya yakan sha kimanin lita 4 daga dashe zuwa girbi.

Ka ga dalilin da ya sa abin ke jan hankalin mutanen da ruwa ya yi musu ƙaranci. Hukumar Abinci ta Duniya ta tallafa wa 'yan gudun hijira a Tinduf ta Aljeriya da kuma gabashin Chadi suna fitar da ciyawar dabbobi ta wannan hanya cikin kimanin mako guda. A garuruwanmu kuma matasa ne ke gwada shi a kan rufin gida da bayan ɗaki, musamman don latas, da alayyafo, da lansir, da na'a-na'a.

Abin da aka baro a cikin ƙasa

To amma da aka raba shuka da ƙasa, an raba ta da wasu abokan zama. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yakan ɗauki bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan 1, ban da dangin funfuna da sauran halittun da ido ba ya gani. Mu da mun ji an ce ƙwayoyin halitta, cuta ce ke zuwa mana a rai. Alhali masu cutar 'yan kaɗan ne. Nonon da ake dama fura da shi, da daddawar da ke cikin miya, duk aikin irin waɗannan ƙwayoyi ne. Ita daddawa ma, bakteriyar da ke nunar da ita, Bacillus subtilis, tana cikin waɗanda ake sayarwa yau don kare saiwa.

Shuka kuwa ta san da su, har ciyar da su take yi. Daga abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana, akwai kason da saiwa ke tsattsafarwa waje, sukari da makamantansa, wanda a wasu tsirrai yakan kai kashi ɗaya cikin biyar. Wannan shi ne ladan da take biyan masu yi mata aiki. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ne a 1904 ya fara bayyana wannan 'yar unguwa da ke kewaye da saiwa a matsayin wuri na musamman.

Manominmu ya san wani ɓangare na wannan tun kaka da kakanni. Tuge gyaɗa ko wake ka duba saiwar, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. Gidan bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska su ba shuka. Shi ya sa gonar da aka yi wake a bara takan yi wa gero kyau bana. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana haɗa irin wannan bakteriya don waken suya da sunan NoduMax. A Burazil kuwa abin ya yi nisa ƙwarai, har wata masaniyarsu, Mariangela Hungria, ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya ta 2025 saboda aikinta a kan haka.

Sai dai a kula. Wannan bakteriya ta ƙulle-ƙulle da dangin wake kawai take wannan hulɗa. Ba ta yi wa latas ko alayyafo gida a saiwa. Duk wanda ya ce ka zuba maganin waken suya a tankin salati ka daina sayen taki, bai faɗa maka daidai ba.

Ruwa ba ya zama babu kowa

Da yawa suna ɗauka cewa tunda babu ƙasa, to noman ruwa tsaf yake, babu wata halitta a ciki. Ba haka ba ne. Ƙura na kawo su, iri na kawo su, hannunka ma na kawo su. Cikin kwana ɗaya da dasa shuka, ruwan tanki yakan cika da bakteriya dubbai a kowane ɗigo. Saboda haka tambayar ba wai za su zo ko ba za su zo ba ce. Tambayar ita ce, wa zai riga zama a kan saiwar?

Babban abokin gabar mai noman ruwa shi ne wani abu mai kama da funfuna da ake kira Pythium. Sunayen nan na bar su yadda za ka gan su a rubuce a jikin kwalba ko takardar malamin gona. Shi wannan 'ya'yansa iyo suke yi. Suna da ɗan wutsiya, suna bin ƙanshin abin da saiwa ke tsattsafarwa har su same ta. A gona sai sun ratsa ƙasa da ƙyar, amma a tiyo ruwan da kansa ke kai su daga shuka ta farko har ta ƙarshe. Wani nau'insa, Pythium aphanidermatum, ruwa mai ɗumi yake so. Alamominsa kuwa su ne waɗanda mai sauraronmu ya lissafa: saiwa ta yi duhu, ta yi yauƙi, in ka ja ta sai fatar ta saɓule ta bar zare. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani gwaji da ya burge ni. Wata masaniya a Wageningen ta ƙasar Holan, Joeke Postma, ita da abokan aikinta sun wallafa shi a shekarar 2000. A can ana shuka kokwamba a cikin wani abu kamar auduga da ake yi da dutse. Sai suka ga cewa audugar da aka taɓa noma a cikinta tana hana Pythium yin ɓarna fiye da wadda aka kashe duk wata halitta da ke cikinta. Da suka mayar da ƙwayoyin cikin wadda aka tsabtace, sai kariyar ta dawo. Wato gidan da babu kowa shi ɓarawo ya fi jin daɗin shiga.

Ayyukan da suke yi

Aiki na farko shi ne gadi. Bakteriya irin su Bacillus da Pseudomonas, da wata funfuna mai suna Trichoderma, suna lulluɓe saiwa su cinye abincin da mai cutar zai ci, su tare masa wurin zama. Wasu suna fitar da sinadaran da ke kashe shi. Ita Trichoderma har nannaɗe wasu funfunan take yi ta narkar da su. Akwai kuma waɗanda zamansu a saiwa kan sa shukar kanta ta zauna cikin shiri, kamar yadda allurar rigakafi ke yi wa yaro.

Na biyu, ƙara saiwa. Wasu, irin su Azospirillum, suna fitar da sinadarin oksin, wanda shuka ke amfani da shi wajen fitar da rassan saiwa da 'yan gashinta. Saiwa mai yawa ta fi tsotsar abinci, ganye ya fi faɗi.

Na uku, kwance abin da ya ɗaure. Ruwan takin ganye ana so tsaminsa ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. In ya haura 7, kamar yadda yakan faru da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, sai sinadarin ƙarfe da na fosfaras su daskare su kwanta a ƙasan tanki. Suna nan, amma shuka ba ta iya shan su. Za ka ga sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kawai ke kore. Wasu Pseudomonas suna fitar da abin da ke kama ƙarfen ya riƙe shi a narke, wasu kuma suna fitar da ɗan tsamin da ke narkar da fosfaras.

Na huɗu, rage wa shuka wahala. In gishiri ko zafi ya matsa mata, shuka takan fitar da wata iska mai suna etilin da ke tsayar da girman saiwa. Bernard Glick na Jami'ar Waterloo a Kanada ya shafe shekaru yana nuna yadda wasu bakteriya ke cinye abin da ake haɗa etilin ɗin da shi, sai saiwa ta ci gaba da tafiya.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe. Amfanin waɗannan ƙwayoyi ya fi fitowa fili inda shuka ke cikin matsi: an rage mata taki, ko ruwan na da gishiri, ko cuta na barazana. Inda komai ya wadata, bambancin yakan zama kaɗan, wani lokaci ma ba a ganinsa. Mataimaka ne. Naitirojin da fosfaras da fotashiyam da shuka za ta gina jikinta da su, dole dai ka kawo su.

Batun gina jiki

Yanzu mu zo kan abin da ke shiga cikinmu. Ganye muna cinsa ne don sinadarin ƙarfe, da bitamin, da sauran abubuwan da ke gyara jini da jiki, musamman ga mata masu ciki da yara. An yi gwaje-gwaje da dama a kan latas da danginsa inda aka ga ƙarin bitamin C ko ƙarfe a ganyen da aka sa wa ƙwayoyin. Amma sakamakon yana bin nau'in ƙwayar, da irin shukar, da yawan haske. Abin da ya yi aiki a kan wani irin latas ba lalle ya yi a kan wani ba. Don haka in mai talla ya ce maka kwalbarsa na ninka bitamin a kowane ganye, ka san ya yi ƙari.

Akwai kuma batun naitiret, wato siffar naitirojin da shuka ta fi sha a noman ruwa. In an cika mata shi, hasken rana kuma bai ishe ta ta sarrafa shi ba, sai ta tara shi a ganye. Yawansa a abinci ba a so, musamman ga jarirai. Tarayyar Turai a dokarta ta 2011 ta sa iyaka: miligiram 3,500 a kowane kilo na ɗanyen alayyafon Turai, latas na yau da kullum kuma daga 3,000 zuwa 5,000, gwargwadon lokacin shekara da inda aka noma shi. Mu a nan Allah ya hore mana rana, wannan sauƙi ne. Inda ƙwayoyin ke shigowa shi ne, in sun taimaka wa saiwa ta yi aiki da taki kaɗan, to ka rage kashe kuɗi, ka kuma rage abin da ke taruwa a ganye. Wata dabarar da ba ta buƙatar ko sisi ita ce ka mayar da shukar kan ruwa zalla kwana biyu ko uku kafin girbi.

Amsar mai kiwon kifi

Hajiya ta Katsina, amsarki ita ce e, ruwan kifi na ciyar da ganye, kuma a nan ne ma ba a iya yin komai sai da ƙwayoyin halitta. Kifi yana fitar da amoniya, wadda in ta taru guba ce gare shi, ta kuma yi wa saiwa yawa. Sai wata ƙungiyar bakteriya, irin su Nitrosomonas, ta juya ta zuwa naitirait. Wata ƙungiyar kuma, irin su Nitrobacter da Nitrospira, ta ƙarasa ta zuwa naitiret. Shuka ta shanye, ruwan ya koma wa kifi a tsabtace. Sergei Winogradsky ne ya gano masu wannan aiki tun wajen 1890. James Rakocy kuma ya shafe shekaru yana gwada haɗa karfasa da latas a Jami'ar Tsibiran Virgin har tsarin ya zauna.

Abin da suke buƙata shi ne wurin maƙalewa, kamar tsakuwa da aka wanke, da iska wadatacciya, da lokaci. Sukan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su riƙe tanki. Kada ki cika kifi a makon farko. Hukumar FAO a littafinta na 2014 kan wannan noma ta ba da ma'auni: giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a kowace rana suna ciyar da murabba'in mita ɗaya na ganye. Tsamin ruwan kuma a tsayar da shi tsakanin 6 da 7, don kifi da shuka da bakteriya kowa ya samu yadda zai rayu.

A Japan ma, Makoto Shinohara da abokan aikinsa sun wallafa wata hanya a 2011 ta amfani da takin da ba na kanti ba, kamar ruwan da ke fita daga sarrafa kifi. Da ma in ka zuba irin wannan kai tsaye a tanki, ruɓewa yake yi ya kashe saiwa. Su sai suka sa 'yar ƙasa kaɗan a ruwan don ta kawo bakteriya, suka riƙa hura iska, suna ƙara takin kaɗan-kaɗan, har masu juya shi zuwa naitiret suka kafu, sannan suka dasa shuka. Sirrin dai ɗaya ne: a fara kiwon ƙwayoyin, sannan a kawo shuka.

Zafinmu shi ne babbar jarrabawa

Duk waɗannan mataimaka, da ita kanta saiwar, iskar oksijin suke shaƙa daga cikin ruwa. Ruwa kuwa yana ɗumi yana sakin iskarsa. A digiri 20 lita ɗaya takan riƙe kimanin miligiram 9. A digiri 30 ta koma 7.6. A digiri 35 ta sauka wajen 7. A daidai wannan lokaci kuma numfashin saiwa da na bakteriya ke ƙaruwa. Wato abinci na raguwa, masu ci na ƙaruwa. Latas ya fi son ruwan da ke wajen digiri 18 zuwa 22. Mu kuwa a Afrilu, daga Maraɗi har Sakkwato, zafin rana yakan haura 40.

Ni ma na sha wannan. Na taɓa jera bokiti uku baƙaƙe a bayan ɗakinmu, inda rana ke dukansu tun hantsi. Ran da na tsoma hannu na ji ruwan kamar na wankan jego, saiwar ta riga ta tafi. Da na zuba mata kwalba goma a ranar, babu abin da za su yi.

Saboda haka kafin ka sayi komai, gyara gidan. Binne tankin a ƙasa ko ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, yadda randa ke sanyaya ruwa. Tiyo ya zama fari, ko ka shafa masa farin fenti. Yi rumfa da raga mai rage rana. Kada haske ya shiga cikin ruwan, don gansakuka za ta fito. In kana da hali, sa ɗan injin hura iska irin na masu kifi, ƙaramin sola ma na ɗaukarsa. In zafi ya yi tsanani, ka huta da latas ka koma alayyafo, shi ya fi jure bazara.

Gargaɗi kan lafiya

Kada jin an ce ƙwayoyin halitta na da amfani ya sa ka jiƙa ɗanyen kashin kaji ko na shanu ka zuba a tankin salati. A cikinsa akwai masu amfani, akwai kuma Salmonella da E. coli masu sa gudawa da amai. Latas ɗanye ake cinsa, ba ya ganin wuta. A 2011 a Jamus, tsiron hulba da aka fitar a ruwa mai ɗumi ya yaɗa wani mugun nau'in E. coli, dubbai suka kwanta, sama da mutum 50 suka rasu. Abin da zai shiga bakin 'ya'yanka da na masu saye a wurinka ba abin ganganci ba ne. Ruwan kifi ma kada ya taɓa ganyen, saiwa kawai. A wanke hannu, a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a ci.

In za ka saya

Duba jikin kwalbar ko ledar. A ce an rubuta sunan ƙwayar a fili, ba wai kawai “ƙwayoyi masu amfani” ba. A ce akwai adadinsu, wanda ake rubutawa da haruffan CFU, da ranar da aka yi, da ranar lalacewa, da lambar rajistar hukuma. A Najeriya NAFDAC ke nan. A Nijar da Chadi kuma magungunan kare shuka suna bi ta kwamitin ƙungiyar CILSS. Abin da aka shanya a rana a bakin kasuwa wata da watanni, ka bar shi. Bacillus tana da wata dabara ta dunƙulewa cikin ƙwanso ta jure zafi da bushewa, shi ya sa ta fi dacewa da yanayinmu. Pseudomonas ba ta da wannan, sai an ajiye ta a sanyi.

Akwai kuma wata funfuna da ake tallata, maikoraiza, mai haɗa kai da saiwa. Tana da amfani a gona, amma ba ta kama dangin kabeji da lansir, alayyafo ma ba ya karɓarta sosai, kuma ruwan da ke cike da fosfaras yana rage mata aiki.

Lokacin sawa shi ne tun shuka na jaririya, a wurin reno, cikin buntun shinkafa ko zaren kwakwa ko soson da ka shuka irin. Rigakafi ne, ba maganin saiwar da ta riga ta ruɓe ba. Wadda ta ruɓe a cire ta, a zubar da ruwan, a wanke tiyo da tanki da bilic, wanda a Nijar ake cewa jabel, a ɗauraye sosai, sannan a fara sabo. Amma bayan ka zuba ƙwayoyin, kada bilic ya sake kusantar tankin, don ba ya bambance na kirki da mugu. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Kada kuma ka riƙa zuba sukari wai kana ciyar da su. Har masu cutar za ka ciyar, iskar ruwan kuma ta ƙare.

Daga ƙarshe, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗauki bokiti shida iri ɗaya, iri ɗaya na shuka, rana ɗaya, ruwan taki ɗaya, wuri ɗaya. Sa ƙwayoyin a uku, bar uku haka nan. Ranar girbi ka ɗora kowanne a sikeli, ka duba launin saiwa, ka rubuta. In bambancin ya biya kuɗin kwalbar, ci gaba. In bai biya ba, ka tsira da sauran kuɗinka. Kuma ka kai sakamakon wurin malamin gona na yankinku, ko a INRAN ko a cibiyar binciken noma ta Samaru, su taya ka dubawa.

Ɗan'uwanmu na Maraɗi, shawararmu ke nan: ajiye kuɗin kwalbar tukuna, sanyaya ruwanka, wanke tiyonka, sannan ka gwada a bokiti kaɗan. Duk wanda ya yi wannan gwaji, daga kowane ɓangare na iyaka yake, ya aiko mana da abin da ya gani, za mu karanta a shiri don wasu su ƙaru.

A nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa ruwan takin da kansa da kuma yadda ake auna tsaminsa a gida. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani. A huta lafiya.